Motar da Ake Taka wa Birki da Hannu

Ina aji biyu na babbar sakandare, a wata kwalejin fasaha a Sakkwato, aka kawo mana motar. Wani dattijo ɗan kasuwar hatsi a Ƙofar Taramniya ne ya ba kulob ɗinmu na kanikanci ita kyauta, bayan ta shekara da shekaru a ƙofar gidansa awaki na kwana a ƙarƙashinta. Da igiya aka jawo ta. Ƙarama ce, irin mai canza giya da kanta, fentinta ya koɗe har ba a gane launinsa na asali.

Malamin da ke kula da kulob, mutum gajere mai yawan shiru, ya zagaya ta ya ƙwanƙwasa bonet.

"Ga ta nan," in ji shi. "In kunka tashe ta, ku yi mata abin da kunka ga dama."

Nan take gardama ta kaure. Shugabanmu, wani dogo mai son a san da shi, ya ce jan fenti da baƙin layi a tsakiya. Wani ya ce manyan lasifikoki a but, wurin zuba kaya na baya. Har lokacin ba mu ma san ko injin na juyawa ba.

Akwai abokina a kulob ɗin, ɗan Minanata, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami. A keken da ake murzawa da hannu yake zuwa makaranta, shi ya sa damatsansa suka fi na kowa, kuma ba a kayar da shi a danne hannu. Shi ya ɗauki aikin wayoyin motar. Ɓeraye sun cinye rabinsu, sai ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari yana bin su ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa muna wanke kafireto da lagireto. Bazara ce, sifanar da aka manta a rana ba ta taɓuwa.

Ranar da ta tashi, baƙin hayaƙi ya cika rumfar aiki, muka yi ta ihu har ɗaliban kafinta suka leƙo. Malam ya zauna a gefe, muka riƙa zagaya filin ƙwallo da ita bi da bi. Abokina yana kujerar baya, yana yi wa duk wanda ya kuskure dariya. Da kowa ya yi nasa, aka rufe ta aka watse.

Na koma ɗaukar jakata bayan Azahar, sai na hango abokina a kujerar direba. Ya bar kekensa a jikin ƙofa, ya riƙe sitiyari, yana juya shi a hankali, yana duba madubi kamar mai shirin fita babban titi. Na ja da baya, na tafi ba jakar.

Washegari na gaya wa Malam. Ya ce ya taɓa ganin mota a Kaduna da ake taka wa birki, a kuma ba ta wuta, da sanda ɗaya a gefen sitiyari, amma bai taɓa haɗa irinta ba. Da aka taru ya kawo maganar, sai fuskar abokina ta canza.

"Malam, wa ya ce ina so? Ni ku bar ni da wayoyina. Ba ni son a mai da ni abin kallo."

Kunya ta kama ni, don na san ya gane daga inda zancen ya fito.

"To, ba don kai za a yi ba," in ji Malam. "Aiki na da ban iya ba, kuma ina son in ga an yi shi nan. Sai dai babu mai gane ko ya yi daidai in ba kai ba. Ka taimake mu."

Abokina ya koma kan wayoyinsa. Amma da za mu tashi, sai na ga ya miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari yana auna tazarar birki da taƙi.

Abin mamaki, shugaban namu ne ya fi kowa zaƙewa. Ya manta da jan fentinsa, ya bi 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin ƙarafa ya samo rodi da hannun birkin tsohon babur. Muka yanka, muka yi walda, muka warware, muka sake. Tsarin shi ne: a tura sanda gaba birki ya kama, a jawo ta baya mota ta ƙara wuta. Abokina ya zama mai hukunci, kuma ba shi da sassauci. "Wagga ta yi nisa." "Wagga ta cika tauri, mi kuka zato, doki za ni ja?"

Gwajin farko bai yi kyau ba. Abokina ya ɗan matsa da motar kaɗan ke nan, wani noti ya kwance, sanda ta zame daga kan birki. Malam ya fizgi birkin hannu, amma sai da muka sumbaci itacen dogon yaro, fitila ɗaya ta fashe. Na zaci shi ke nan, ba zai sake yarda ba. Sai kawai ya fashe da dariya har da hawaye.

"Kun gani ko? Yanzu ni ma na yi haɗari kamar kowane direba!"

Muka ninka noti, muka ƙara ƙarfen da zai riƙe sandar a mazauninta. Malam ya gwada da kansa har ya gamsu. Daga nan abokina ya riƙa zagaya filin ba gargada, ya koyi ribas kafin da yawa daga cikinmu.

A ƙarshen zango aka yi ranar baje kolin ayyukan ɗalibai, iyaye suka zo. Mahaifiyar abokina ta zo da ƙannensa mata, suka tsaya a inuwa. Bai gaya mata komai ba. Ya jawo motar a hankali, ya tsaya daidai gabanta, ya leƙo.

"Inna, shigo in kai ki bakin ƙofa."

Ta dube shi, ta dubi Malam, ta leƙa ta ga ƙafafunsa a ajiye inda suke. Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Can ta buɗe ƙofar baya ta shiga, tana cewa, "Bisimillahi. Kai dai yi sannu, ɗan nan, hawan jini gare ni."

Muka bi su a guje har bakin ƙofar makaranta.