Ranar da Na Ƙaryata Kawu

Har gobe ba zan manta da ranar da na zauna gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata a Gummi ba. Wani kamfanin sayen hatsi ne ke neman ƙaramin akanta. Ga wanda bai sani ba, sakamakon difloma hawa-hawa ne: babban kiredit, ƙaramin kiredit, sai fas can ƙasa. Nawa fas ne. A shekarar ƙarshe Inna ta kwanta ciwo, na fi zama asibiti a kan aji.

Kawu Buba, yayan Inna, dillalin shanu daga Gwashi, shi ya shige mini gaba, don abokin manajan ne tun suna yara. Kawu bai san fas ba, bai san kiredit ba. Ya je ya cika baki cewa ni na zo na ɗaya a ajinmu, manaja kuwa ya rubuta babban kiredit gefen sunana. A kamfanin, sai an ɗauke ka ake neman takarda ta asali, wani lokaci ma a manta.

Mutum uku na tarar. Manaja ya ce, "Kawunka ya hwaɗa muna komi. Babban kiredit ko?"

Kai kawai zan gyaɗa, aiki ya zama nawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, fas gare ni." Na miƙa takardar.

Babban akanta, wani dattijo marar magana, ya ɗauka ya duba.

Manaja ya ce, "Buba ƙarya ya yi mani ke nan?"

"Bai sani ba ne, ranka ya daɗe."

Kawu na waje, har ya sayi goron rabawa. Ya ce, "Ummaru, mi kac ce musu?" Na gaya masa. Sai ya ce, "Gaban mutane ka mai da ni maƙaryaci? Kai ɗai ad da gaskiya?" Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ni kaɗai na nemi mota.

Aka ba wani mutum aikin. Bayan 'yan makonni babban akanta ya aiko a tambaye ni ko zan riƙe musu sito a Bukkuyum. Albashin kaɗan ne, na karɓa. Na yi shekaru daga ni sai buhuna, ba wanda ya leƙo ni daga gida. Kewa ta dame ni ƙwarai. Daga can na taso har kujerar da nake kai yau.

Ku da kuke farawa, ku sani a aikin akanta gaskiya ba ta da 'yan rakiya, kai kaɗai za ka faɗe ta. Da za a mai da ni ɗakin nan, fas zan sake cewa. Kuskurena ɗaya ne: kunya ta hana ni gaya wa Kawu sakamakona tun muna gida. Har ya rasu, gaisuwa kawai ke haɗa mu.