Rediyon da Ya Tona Asirin Alhaji

Ko da zan manta sunana, ba na jin zan manta safiyar da na nemi taimakon likita ta rediyo, gari duka ya ji. Shekaru sun ja, na yi ritaya, amma har yau idan na tuna sai na ji raina ya ɓaci.

A tsakiyar shekarun casa'in ne. Ni ne majo, wato babban malamin jinya, a wani ƙaramin gidan likita da ke yankin Bune. Tsakaninmu da Gure ba kwalta, sai rairayi mai cinye ƙafar mota. Sai wata ƙungiya ta kawo mana rediyon magana da farantin hasken rana, aka ce daga yau idan ciwo ya fi ƙarfina in kira likita a Gure ya gaya mini abin yi, ko ya turo ambilans. Aka yi tafi, aka ci nama, suka tafi.

Abin da ba su duba ba shi ne, akwatin nan ba ya magana a hankali. Ihu yake yi. Kuma ɗakin taga ɗaya gare shi, ba murfi, tana kallon inuwar da maza ke zama. Kafin a ce me, lokacin kiran likita ya zama lokacin hira. Mai shayi ma ya dawo da murhunsa gindin tagar. Na kore su har na gaji, ina juya baya su dawo kamar kaji.

Ranar nan 'ya'yan wani Alhaji suka shigo da shi a rirriƙe. Badamagare ne, shi ke da babban kanti a garin, dattijon da ko dariya ba ya yi a gaban surukansa. Ya sallami 'ya'yan, ya jawo ni kusa, ya gaya mini fitsari ya tsaya masa tun shekaranjiya. Mararsa ta kumbura ta yi tauri. Na gwada sa masa robar fitsari, ta ƙi shiga. Na san idan ba a kai shi Gure ba ƙodarsa za ta lalace, kuma ambilans ba ta fitowa sai likita ya ji dalili, don mai ya yi tsada.

Na ce, "Alhaji, sai na kira likita."

Ya kalli akwatin, ya kalli tagar. Ya ce, "Ɗana, mazajen 'ya'yana biyu suna zaune a wajen nan. Ka rufa mini asiri."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, da Faransanci zan yi, ba kuma zan ambaci suna ba. Ya yarda da ƙyar.

Ashe akwai wani tsohon soja a cikin masu shan shayin, mutumin da ya ji Faransanci a bariki, yake kuma jiran ranar da za a san ya iya. Likita ya fara tambaya, muryarsa na tashi har bakin rijiya: shekarun mara lafiya, yaushe ya yi fitsarin ƙarshe, da jini ko babu, ya taɓa yin ciwon sanyi? Ina amsawa ƙasa-ƙasa, sai na ji murya a waje tana cewa, "Wai ya ce fitsari ne ya ƙi fita. Yanzu kuma yana tambaya ko Alhaji ya taɓa ɗaukar ciwon mata."

Wallahi ji na yi kamar in jefa masa akwatin ta taga. Na leƙa na ce, "Baba soja, wa ya sa ka?" Ya buɗe hannu ya ce, "Haba majo, jama'a sun damu ne, ina taimaka musu su gane."

Kafin in juyo Alhaji ya dafa bango ya miƙe. Na ce likita ya yarda, mota na tafe, ya daure ya jira. Ya gyara rawaninsa ya ce, "Da ciwo ɗaya na zo maka, ɗana. Yanzu sun zama biyu." Ya fita ta ƙofar baya.

Na bi shi gida na roƙe shi, aka ce ba ya son ganin kowa. Da ambilans ta iso bayan azahar, ba ya nan. Ya sa 'ya'yansa sun ɗora shi a amalanke sun bi ta bayan tuddan rairayi, hanyar da ba zai haɗu da idon sani ba. Direba ya yi ta yawo bai same su ba. Alhaji bai kai Gure da rai ba.

A wurin gaisuwa tsohon sojan nan ya matso kusa da ni yana cewa shi fa da kyakkyawar niyya ya yi. Na tashi na sauya tabarma. Daga baya na kira kafinta ya yi wa tagar murfi, na mayar da akwatin ɗakin magani, amma an riga an makara. Duk wanda ciwonsa ke ƙasan cibiya ya daina zuwa wurina, mata kuwa ba a magana. Da masu ƙungiyar suka dawo dubawa, sai suka ce mutanen ƙauye ne ba sa son ci gaba. Na fice na bar su don kada in yi zagi.

Abin da na koya a ranar, kuma na riƙe har na bar aiki, shi ne mara lafiya ba ciwonsa kaɗai yake kawo maka ba, yana kawo mutuncinsa ya damƙa a hannunka. Kafin ka kira likita komai gwanintarsa, ka fara leƙa taga ka ga wa ke saurare.