Falalen Dutsen Celina

Celina 'yar Kwoi ce, kuma duk wanda ya san Kwoi ya san citta. Tun tana yarinya take riƙe da wuƙar tsaga citta. Aure ya kawo ta Kaduna, inda mijinta Shekari yake gyaran injin saƙa a wata masaƙa a Kakuri, amma ba ta bar sana'ar ba. Duk kaka motar garinsu za ta sauke mata ɗanyar citta a gidan hayarsu na Makera, ta tsaga, ta shanya a tsakar gida, a kan kwanon ɗakin girki, har bakin titi. Maƙwabta na ƙorafi, awaki na tattakawa.

A damunar 1983 ɗansu Albert ya rasu, yana aji uku a sakandare. Zazzaɓi ne. Celina ta shige ɗaki. Ba abin da ya fito da ita sai zuwan buhunan citta, don citta ba ta jira, ruɓewa take. Shekari ya lura da haka.

Da ya yi ritaya suka yanke shawarar sayen gida. Alhaji Isiyaku dillali ya nuna musu biyu. Na Unguwar Sanusi ginin bulo ne, ga famfo ga lantarki, ga shaguna a gaba da za a zuba 'yan haya. Tsakar gidan kuwa tabarma uku ta cika shi. Na Kakau ɗaki biyu ne na laka, kusa da hanyar Abuja, ba wuta, kuma rabin filin falalen dutse ne. Alhaji da bakinsa ya ce dutsen ba ya nomuwa, ba ya ginuwa, ko kaza ba za ta sami abin tono ba.

Zuciyar Shekari na Unguwar Sanusi. Abokansa na coci sun ce wanda ya ƙare ƙarfinsa a masaƙa bai kamata ya koma wa fitilar kananzir ba, kuma ya ga gaskiyarsu. Celina kuwa, ran da suka je duba na Kakau, ta tuɓe takalmi, ta hau dutsen da tsakar rana, ta tsaya har zafi ya sa ta soma ɗaga ƙafa.

"Madam, rawa za ki taka mana?" in ji Alhaji.

Ta dubi mijinta.

"Baban Albert, a can Unguwar Sanusi ina zan shanya?"

Ya ce ai lokacin hutu ya yi, hayar shagunan za ta riƙe su.

"In na huta, me zan yi da hannuwan nan?"

Shekari ya dubi dutsen. Sai ya tambayi Alhaji gidan mai unguwar Kakau, a zo a shaida iyaka.

Kakar farko citta ta bushe a kan dutsen fari tas, ba yashi, ba fumfuna. Fataken Kano suka karya ɗaya, suka shinshina, suka kwashe duka. Shekara na zagayowa matan Kwoi da ke Kakuri suka fara zuwa da wuƙaƙensu, suna tsaga suna waƙa da yarensu. Shekari ya yi ta mitar duhu, amma shi ya kafa musu rumfa, shi yake wasa wuƙaƙen. Kafin 1989 motar garinsu ta daina shiga birni da kaya, a ƙofar Celina take juyewa, kuma a kasuwa mutum kan ce a ba shi ta Kakau ko ya fasa.