Gasigwa, mutumin da ya gitta sanda

Kafin zakara ya yi cara ta biyu, Gasigwa ya zura takalmin roba, ya cusa dafaffen dankali a aljihu, ya kama hawan dutsen nan namu mai aman wuta. Haka ya yi ta yi shekara ashirin da bakwai. Aikinsa bin sawun goggon biri. Ya nemo inda garken ya kwana, ya ƙirga shimfiɗun ganye, ya tona kashinsu da tsinke don ya gane wa ke ciwo. Sai ya gano su sannan mu 'yan dako mu hau da baƙi. Baƙi su ɗauki hoto su tafi, ko sunansa ba sa tambaya.

Yanzu an ce ya tsufa, ya je ya huta. Ƙarya ne! Ina wurin, kuma zan faɗa.

Da daminar nan, Nkusi mai kamfanin kawo baƙi ya zo da wani attajiri. A ƙasa mutumin ya danne tarinsa da magani, hawan awa uku ya tona masa asiri. Muka isa inda ake ajiye jakunkuna, saura taku ɗari a kai ga garken, yana tari kamar tsohon babur. Ko yaro a nan ya san murar mutum na kashe goggon biri, ga kuma jaririn wata biyu a garken. Duk muka sunkuyar da kai, har ni. Gasigwa ya gitta sandarsa a hanya.

"Wannan ba zai wuce ba."

Nkusi ya ce, "Haba Baba, ƙura ce ta shaƙe shi."

"Ƙura da damina? Ka ji kunya mana, yaro."

"Ka san teku nawa ya tsallako?"

"To ya sake tsallakawa. Tarin mai kuɗi ma tari ne."

"Za ka gani, tsohon banza mai shinshinar kashin biri!"

"Kashin da ke ciyar da kai ba."

Baƙon ya sauka bai ga komai ba. Nkusi ya san ƙofofin manya da ake ƙwanƙwasawa. Kafin wata biyu takardar sallamar Gasigwa daga aiki ta iso, ba taro, ba tafi, ko ƙwaryar giyar ayaba ba a zuba masa ba. Yau yana can yana noman dankali a gindin dutsen.

Gasigwa, kai ne sandar da ba ta lanƙwasa ba. Ka san abincinka ne a bakin wuta, ka ƙi matsawa. Jiya na ga jaririn nan a bayan uwarsa, yana jan kunnenta, lafiyarsa ƙalau. Kai ka saya masa wannan numfashin da aikinka. Mun gode, Baba, Allah ya saka maka, tunda mutane sun ƙi.

Ku da kuka gaji hanyarsa, kada ku yi irin tawa. In kun ji tari, ku ɗaga kai ku gitta sanda. In kun ji tsoro, ku juyo, ina bayanku da tawa sandar.