Hanyar Makara

Tsakanin gidajenmu da maƙabarta akwai wata siririyar hanya da ta ratsa fili a bayan wani kamfanin fata na Challawa. Ba wanda ya share ta, ƙafa ce ta fitar da ita. Ta nan aka ɗauki kakana, ta nan aka ɗauki mahaifiyata, kafin kafaɗa ta gaji an isa.

Ina aiki a kamfanin lokacin da masu shi suka sayi filin, suka kai wa ƙaramar hukuma takardar neman izinin kewaye shi da katanga. Ƙa'idar ita ce a liƙa sanarwa a sakatariya, a ba da wa'adi, mai ƙorafi ya rubuto. Sannan kwamiti ya zo ya ga wurin da idonsa, ya koma ya yanke hukunci. Na ga sanarwar, na karanta ta tsaf, na zo na sami mahaifina.

"Baba, sai fa an rubuta. In kun yarda yau ɗin nan zan rubuta, ku sa hannu."

"Hanyar makara ce za a yi wa takarda?" in ji shi. "Wa bai san ta ba? Yaya na nan, shi zai yi magana."

Yayan nasa shi ne babban zuriyarmu, kuma a wurinmu ba a buɗe baki gaban baƙi sai babba ya fara. Na fasa rubutun, raina a ɓace.

Ranar da kwamitin ya zo, zazzaɓi ya kwantar da yayan Baba. Mutum huɗu suka sauko daga mota da fayil da igiyar awo. Shugabansu mutum ne mai mutunci, ya gaisa da kowa, ya tambaya har sau biyu: "Akwai mai magana a kan wannan fili?"

A kan hanyar muke tsaye, ita kanta. Baba ya sunkuyar da kai, don ba zai shiga gaban yayansa ba. Sauran dattawa suka zuba wa Baba ido. Ni kuwa na hango manajanmu a gefe, na tuna rigar kamfanin ce a jikina, na haɗiye maganata. Na daɗe ina gaya wa kaina ladabi ne ya hana ni. Ƙarya nake, tsoron rasa aiki ne. Aka rubuta cewa babu ƙorafi.

Da yayan Baba ya warke, ya sa babbar riga, muka raka shi sakatariya. Aka ba shi kujera, aka buɗe masa fayil. Babu hanyarmu a taswira, wa'adi ya wuce, an ba da izini. Ma'aikacin ya ce, "Alhaji, da kun faɗa ranar nan, da mun sa sharaɗi a bar muku lungu. Wallahi ba abu ne mai wuya ba." Da ma zaginmu ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Katanga ta tashi. Bayan damina biyu Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata safiya ina gyara masa filo, ya riƙe hannuna ya ce, "Ku yi haƙuri, zan ba ku wahalar ɗauka."

Ta bakin kwalta muka zagaya da shi, manyan motoci na wucewa, warin ruwan jima na tashi daga kwata. Sau nawa aka canji hannu ban sani ba, ni dai ban saki makarar ba. Tsofaffi biyu suka gaza, suka zauna a gindin katanga, yayan Baba na cikinsu.

Bayan mun rufe Baba kusa da mahaifiyata, na miƙe ina karkaɗe ƙasa daga hannuna. Ta saman katangar na hango darbejiyar ƙofar gidanmu, ga ta nan kusa, har ina iya ganin reshen da ya inuwantar da tabarmarsa.