Wasan da Ba a Komawa Baya

A shekarar da aka gudu daga Mubi, ni da yayana Isiyaku da Mama muka hau tudu zuwa Muchalla, wurin Kaka, mahaifiyar Baba. Shi Baba bai biyo mu ba. Ya koma cikin gari neman ƙaninsa, Bappa Yusufu, kuma daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Abin da Isiyaku ya tsira da shi a aljihu wata 'yar na'urar gem ce ta hannu, tsohuwar yayi, da aka saya masa a gwanjo. Akwai wasan tubala masu zubowa daga sama, sai ka jera su kafin su binne ka. Akwai maciji mai ƙara tsawo in ya ci, har ya ciji kansa. Akwai tseren mota, da ƙwallo mai 'yan wasa kamar ƙwayar gyaɗa. Na tankokin yaƙi kuwa Mama ta hana, don ƙararsa tana sa ta zabura.

Ba a daɗe ba Kaka ta zare batiran ta sa a rediyo. Kullum bayan magariba muna zagaye da murhu, tana murɗa rediyon tana kasa kunne, ko za a faɗi wani abu game da gari. Ranar da ta ga Isiyaku ya ƙi cin gasasshiyar masara, sai ta kashe rediyon.

“To, faɗa mini abin da ke cikin kwalin nan naka,” ta ce. Hausar Kaka ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace da namiji.

Ya ba ta labarin wanda ya fi so: wani ɗan mutum da ke tsallake ramuka. In ya wuce wuri, ba ya iya komawa. Gaba kawai.

Kaka ta ci gaba da juya masara. Can ta ce, “Ga shi nan zuwa, ku tara kunne.”

Wai wani mutum ne ya fita sayen gishiri, sai ya waiga ya ga hanya tana cinyewa a bayansa. Ya yi kuka, hanya ba ta dawo ba. Sai ya nufi gaba. Ya tarar da garin da duwatsu ke zubowa daga sama, ya taya mutanen jera su suka zama katanga. Ya gamu da macijin da ya ci har ya tare mayo, wato kogi, ya bi ta bayansa ya haye. Ya kwana a ƙasar da ba ya jin yarensu.

“Ya isa gida?” na tambaya.

“Yau bai isa ba. Ku kwanta.”

Haka ta riƙa yi mana kowace yamma. Isiyaku ya kawo wasa, ita ta mayar da shi gari. Ni kuwa na san wane ne mutumin. In kare ya yi haushi, sai ta tsaya a tsakiyar magana ta kalli ƙofa, mu ma mu kalla.

Baba ya dawo wata safiya ta bayan gida, ta hanyar Kamaru, ƙafafunsa a kumbure. Zagaya duwatsun kan iyaka ya yi. Kaka ta riƙe fuskarsa, sannan ta leƙa bayansa. Babu kowa. Bai samu Bappa Yusufu ba, kuma har yau ba wanda ya san inda ya ƙare.

Da yamma muka ce ta ƙarasa mana tatsuniyar.

“Mutumin yana tafiya tukuna,” ta ce.

Yanzu ina da 'ya'yana, kuma in na samu sarari ina buga ƙananan wasanni a waya, irin waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke haɗawa a ɗakinsu. Wani noma kawai ake yi, wani ka bi duhu da fitila, wani ka warware kacici-kacici. Ina son su, amma kowanne yana da ƙarshe, kuma nan nake ajiye wayar kafin in kai.

Da ina tsammanin don mu Kaka ke jan labarin, kada mu ji tsoro. Sai da na haihu na gane 'ya'ya biyu take da su a kan hanyar nan. Ta rayu shekaru bayan haka, jikoki suna roƙonta, tana ƙara wa mutumin garuruwa. Ranar da ta rasu, yana bakin wani mayo yana jiran ruwa ya janye.