Allurar da Baffa ya kawo daga Ikko

Ina aikin difensa, wato mai ba da magani da allura, a Tambuwal shekarun da kuɗin mai suka shigo gari. Baffana, ƙanen mahaifina, ya samu kwangilar gina azuzuwa, sai ga shi da mota bayan ya haura sittin. Wata tafiya da ya yi Ikko ya dawo da kwali cike da ƙananan kwalabe, ruwan cikinsu garau, rubutun jikinsu ba Turanci ba ne balle in karanta. Ya ce maganin allura ne, wani Bature ya sayar masa, a ƙasarsu ake haɗa shi, yana mai da tsufa baya. Har firijin kananzir ya saya dominsu.

"Kai nika so ka riƙa yi min," in ji shi. "Ban son bare ya ji."

Kunya ta hana ni musu. Kowace Juma'a da hantsi nakan je in yi masa allura ɗaya a cinya.

Wata uku, tamojin goshinsa suka cike. Kumatunsa suka taso, fata tana sheƙi kamar an shafe ta da man kaɗanya. Amma in ya yi dariya sai murya ta fito, fuskar ta tsaya yadda take. Wani Bafulatani abokinsa na ƙuruciya ya zo da shanu kasuwa, ya dube shi a zaure ya ce, "Samari, maigidan na ciki?" Baffa ya yini yana ba mutane labarin.

Da damina ta faɗi muka je Kebbe gaida kakata, mahaifiyarsa. Ta makance tun da daɗewa, da hannu take gane mutane. Muka same ta a inuwa da rana tsaka tana ɓarar gyaɗa. Baffa ya durƙusa, ta shafa goshinsa, ta gangaro kumatu, sai ta janye hannu ta goge a zane.

"Wa na?"

"Ni na, Inna. Autanki."

Ta sake taɓawa, a hankali. "Murya taka ta. Amma wagga fuska na san ta. Haka ta yayanka take ran da anka fiddo shi daga gulbi."

Ban taɓa jin Baffa yana da wa da ruwa ya ci ba. Ta ci gaba da ɓararta.

A mota na roƙe shi ya ɗaga wando. Na danna ƙaurinsa da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Na ce, "Baffa, wannan kumburi ne. Mu tafi Sakkwato likita ya duba ka."

"Saura kwalba shida," ya ce. "A ƙare su tukuna."

Na ce hannuna ba zai ƙara ba. Bai yi faɗa ba, sai ya samu wani mai kemis ya ƙarasa masa. Ranar da muka kai shi asibiti fitsari ya riga ya ɗauke, likita ya ce ƙoda ce. Ya rasu kafin lokacin kaka.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Hannuwansa na tsoho ne, duk jijiyoyi, fuskar kuwa sumul. Limamin da ke zuba ruwa ya tsaya da buta a hannu, ya dube ni, sannan ya ce in jawo likkafani mu rufe.